Barcin da Ba Ya Kawar da Gajiya: Matsayin Bakin Majiyyaci a Binciken Cutar Fibiromayaljiya

Gabatarwa

Bahaushe na cewa barci ɓarawo ne, domin yakan sace mutum ko yana so ko ba ya so. Al'adar ɓarawon nan kuwa ita ce ya sace gajiya ya bar wartsakewa. Amma akwai wasu mutane da yakan ɗauke su tsawon sa'a bakwai ko takwas, sa'an nan ya dire su da safe jiki ya yi tsami, kai ya yi nauyi, tamkar waɗanda suka kwana suna surfe. Waɗannan su ne masu fama da cutar da likitoci ke kira fibiromayaljiya, kuma rashin ingancin barci na daga cikin manyan koke-kokensu.

Maƙasudin wannan maƙala shi ne duba yadda masana ke binciken barcin waɗannan mutane, da kuma kare ra'ayi guda ɗaya: cewa bayanin da majiyyaci ya yi da bakinsa game da darensa hujja ce mai zaman kanta, wadda ta cancanci a ajiye ta kafaɗa da kafaɗa da abin da na'ura ta auna. Duk binciken da ya mai da wannan bayani abin cike gurbi kawai, to, ya bar jaki yana dukan taiki.

Asalin cutar da kamanninta

An gina sunan cutar daga kalmomi uku, ɗaya ta Latin mai nufin zare ko jijiya, biyu na Girkanci masu nufin tsoka da ciwo. A shekarar 1904 likitan nan na Ingila, William Gowers, ya raɗa wa irin wannan ciwo wani suna mai nuna cewa kumburi ne ke haddasa shi. Da aka yi ta neman kumburin a cikin tsoka aka rasa, sai Philip Hench ya kawo sunan da ake amfani da shi yanzu a shekarar 1976. A 1981 kuma Muhammad Yunus da abokan aikinsa a Amurka suka buga nazarin farko da ya kwatanta masu cutar da masu ƙoshin lafiya bisa tsari.

Alamomin cutar sun haɗa da ciwo mai yaɗuwa a sassan jiki wanda ya kai wata uku ko fiye, da kasala mai tsanani, da ruɗewar tunani da yawan mantuwa, da barcin da ba ya wartsakarwa. An ƙiyasta cewa tana samun mutum 2 zuwa 4 cikin 100, kuma an fi gano ta a tsakanin mata. Ba a ganin ta a gwajin jini, ba a ganin ta a hoton ƙashi. Bayanin da ya fi karɓuwa a yau shi ne cewa ƙwaƙwalwa da laka ne ke ƙara wa saƙon ciwo ƙarfi, kamar rediyon da aka ƙure wa murya, har taɓawar da ba ta kai ta kawo ba ta zama zogi.

A shekarar 1990 Ƙungiyar Likitocin Gaɓɓai ta Amurka ta fitar da ma'aunin gane cutar: likita ya danna wurare 18 a jiki, in majiyyaci ya ji zafi a 11 daga cikinsu, kuma ciwonsa ya yaɗu har wata uku, to, ya shiga sahu. Wannan ma'auni bai sa barci cikin sharuɗɗa ba. Sai a 2010 aka kawo sabon tsari wanda ya ajiye danne-dannen nan, ya sa a tambayi mutum wuraren da ke yi masa ciwo cikin sassa 19, tare da tsananin abubuwa uku: kasala, da tashi daga barci ba tare da wartsakewa ba, da ruɗewar tunani. Ke nan tun daga 2010 yadda majiyyaci ke jin safiyarsa ya shiga cikin ma'anar cutar kanta.

Abin da na'ura ta gano

Wajibi ne a ba na'ura haƙƙinta, domin ita ce ta fara wanke waɗannan mutane daga zargin raki. Na'urar awon barci takan bi motsin lantarkin ƙwaƙwalwa da na ido da na tsoka da numfashi tun daga kwanciya har wayewar gari. Da ita aka san cewa barci hawa-hawa ne: akwai marar nauyi, akwai mai zurfi, akwai wanda ido ke wulƙitawa a cikinsa, inda aka fi yin mafarki. Mutum kan zagaya waɗannan matakai kusan kowane minti 90. A cikin barci mai zurfi ƙwaƙwalwa kan fitar da igiyoyi manya masu tafiyar hawainiya da ake kira delta, alhali igiyoyin alfa, masu kaɗawa sau 8 zuwa 13 a daƙiƙa, na mutumin da ya lumshe ido ne yana hutawa bai yi barci ba.

A shekarar 1975 Harvey Moldofsky da abokan aikinsa a Toronto ta ƙasar Kanada suka ba da rahoton cewa a barcin masu wannan cuta igiyoyin alfa kan kutsa cikin igiyoyin delta. Watau mutum yana cikin zurfin barci, amma wani sashe na ƙwaƙwalwarsa yana zaune ido biyu. Ba su tsaya nan ba, sai suka ɗauki 'yan samari masu ƙoshin lafiya, suka riƙa katse musu barci mai zurfi da ƙara na 'yan darare. Samarin suka fara kukan tsamin jiki da ciwon tsoka, kuma da aka ƙyale su suka yi barcinsu sai ciwon ya gushe. A 1999 Martha Lentz da abokan aikinta a Amurka suka maimaita irin wannan gwaji da mata 12 masu matsakaicin shekaru na dare uku, suka tarar juriyarsu ga ciwo ta ragu da kashi 24 cikin 100.

Daga baya bincike mai faɗi ya ƙarfafa wannan fahimta. A ƙasar Norwe, Paul Mork da Tom Nilsen sun buga nazari a 2012 kan mata 12,350 waɗanda ba su da cutar tun farko. Bayan kimanin shekara 10, mata 327 daga cikinsu sun kamu, kuma waɗanda suka ce suna yawan samun matsalar barci haɗarin kamuwarsu ya ninka na waɗanda ba su da matsalar barci fiye da sau uku. Ashe rashin barci ba bawan ciwo ba ne kurum, wani lokaci shi ne ke yi masa jagora.

Inda na'ura ta tsaya

Da a ce kutsen alfa ya zama tambarin cutar, da an huta. Amma abin bai kasance haka ba. An ga irin wannan kutse a barcin masu ciwon damuwa, da masu amosanin gaɓɓai, har da wasu lafiyayyu da ba su da koken komai. An kuma sami masu fibiromayaljiya da yawa da ba a ga kutsen a barcinsu ba. Hatta gwajin katse barci, wasu da suka maimaita shi ba su sami sakamako mai ƙarfi irin na farko ba.

Bugu da ƙari, idan aka kwatanta barcin masu cutar da na lafiyayyu a ɗakin awo, akan ga bambanci, kamar yawan farkawa a tsakiyar dare da ƙarancin barci mai zurfi, sai dai sau da yawa bambancin ba ya kai girman koken da majiyyata ke yi. A nan ne hanya ta rabu biyu. Wasu suka ce tunda na'ura ba ta ga abu mai yawa ba, lalle majiyyaci ne ke zuzuta lamarinsa. Wannan hukunci kuwa akwai gaggawa a cikinsa, saboda dalilai uku.

Na farko, awon ɗakin bincike na dare ɗaya ne ko biyu, a baƙon gado, da wayoyi manne a kai da ƙirji. Masana barci da kansu sun san cewa daren farko a irin wannan wuri ba ya kama da daren gida. Cutar kuwa mai hawa da sauka ce, yau da sauƙi gobe da tsanani. Na biyu, na'ura tana ƙirga mintoci da igiyoyi, amma har yau babu wani awo da masana suka haɗu a kai da ke nuna wartsakewa. Na uku, abin da ma'aunin 2010 ya nema shi ne yadda mutum ya ji da ya tashi, kuma ji ba shi da wata ƙofa ta fitowa sai baki. In na'ura da majiyyaci suka saɓa, mai yiwuwa abubuwa biyu daban suke aunawa, kowa da gaskiyarsa. Mai ɗaki shi ya san inda yake yi masa yoyo.

Takardar tambayoyi da iyakarta

Mai karatu na iya cewa ai masu bincike sun daɗe suna tambayar majiyyata. Haka ne, amma akwai tambaya akwai tambaya. Abin da aka fi amfani da shi shi ne ma'aunin ingancin barci na Jami'ar Pitsbag, wanda Daniel Buysse da abokan aikinsa suka wallafa a 1989. Yana da tambayoyi 19 da mutum ke amsawa da kansa game da watan da ya wuce, a tara su cikin rukuni 7, a fitar da maki daga 0 zuwa 21. Wanda makinsa ya haura 5 ana lissafa shi cikin marasa ingantaccen barci. Ma'auni ne mai amfani ƙwarai, mai sauƙin kuɗi, wanda ya ba da damar kwatanta dubban mutane. Da shi Silvia Bigatti da abokan aikinta suka nuna a 2008 cewa fiye da kashi 90 cikin 100 na masu cutar da suka nazarta barcinsu ba shi da inganci.

Duk da haka, ba don masu fibiromayaljiya aka tsara shi ba. Yana tambayar lokacin kwanciya da na tashi, da tsawon lokacin da barci ke ɗauka kafin ya zo, da shan maganin barci, da gyangyaɗin rana, amma ba shi da tambaya ta musamman kan ko mutum ya tashi a wartsake, alhali nan ne gizo ke saƙa. Har wa yau yana neman mutum ya dunƙule darare 30 cikin amsa ɗaya. Wanda ya kwana da zogi jiya zai tuna watan duka da duhu, wanda kuma ya dace da dare mai sauƙi zai rangwanta wa watan. Mutum biyu na iya samun maki 14, ɗaya domin barci ba ya zuwa masa sai ƙarfe biyun dare, ɗaya kuma domin duk juyin da ya yi a kan gado ciwo ne ke tashe shi. Lamba ta haɗa su, amma buƙatarsu ta magani daban take.

Hanyar da ta fi kusa da rayuwar mutane ita ce ta kundin yau da kullum. A 1996 Glenn Affleck da abokan aikinsa suka ba mata 50 masu cutar ƙananan kwamfutocin hannu, suka riƙa rubuta barcinsu da ciwonsu har kwana 30. Sakamakon ya nuna cewa daren da barci ya ɓaci yakan haifi yini mai tsananin ciwo, kuma yinin da hankali ya tattaru a kan ciwo yakan haifi mummunan dare. Wannan zagaye ba ya bayyana a awon dare ɗaya, ba ya kuma bayyana a takardar wata guda.

Sai kuma hira ta baki da baki, wadda ita ce ta fi ƙaranci a fagen. A 2010 Alice Theadom da Mark Cropley a Ingila suka wallafa nazarin hirar da suka yi da masu cutar 16. Abin da ya fito fili shi ne cewa yawan farkawa cikin dare na daga abin da ya fi ci musu tuwo a ƙwarya, kuma ɓacin dare kan bi su har cikin aikinsu da zamansu da mutane. Irin wannan nazari kan tono abubuwan da mai tsara takarda bai yi tunanin tambaya ba: fargabar kwanciya tun magariba, da neman ɓarin jikin da za a kwanta a kai, da taurin gaɓɓai da safe, da shakkar ko barcin rana zai taimaka ko zai ɓata dare, da takaicin iyalin da ke ganin mutum ya kwana yana barci amma ya tashi yana kukan gajiya.

Hujjar masu suka

Masu sukar wannan ra'ayi suna da abin faɗa, kuma bai kamata a toshe kunne ba. Sukan ce mutum 16 ba su isa a gina hukunci a kansu ba, kuma wanda ya yarda a yi hira da shi sau da yawa shi ne wanda abin ya fi damu. Sukan ce tunanin ɗan Adam game da barcinsa ba abin dogaro ba ne, domin an tabbatar cewa masu rashin barci kan ƙiyasta sa'o'in da suka yi ƙasa da abin da aka auna. Mafi ƙarfin hujjarsu ita ce akwai cututtukan da mutum ba zai iya ba da labarinsu ba domin yana barci suke faruwa, kamar ɗaukewar numfashi da fizgar ƙafafu. Wanda numfashinsa ke ɗaukewa cikin dare zai tashi a gajiye, kuma hira ko ta shekara ce ba za ta maye gurbin awo wajen tabbatar da wannan ba.

Duk wannan gaskiya ne, amma abin da ya tabbatar shi ne cewa kowace hanya tana da makantarta. Hira ba aikinta ba ne ta faɗi yawan masu matsala, aikinta shi ne ta nuna abin da ya kamata a ƙirga. Tarihin fannin gaɓɓai ma ya ba da shaida. Sai da aka fara gayyatar majiyyata zuwa taron masana masu tsara ma'aunan gwajin magungunan gaɓɓai a 2002 sa'an nan kasala ta sami matsayin da ya dace da ita a binciken amosanin gaɓɓai, bayan shekaru ana ƙirga kumburarrun gaɓɓai ana tsallake ta. A 2009 Hukumar Abinci da Magunguna ta Amurka ta fitar da ƙa'idar da ke neman duk ma'aunin da ya dogara da bayanin majiyyaci a nuna cewa an gina shi da gudummawar majiyyatan, kuma a 2014 ta shirya zama na musamman don sauraron masu fibiromayaljiya. Murhu dai da duwatsu uku yake tsayawa: awon na'ura, da kundin yau da kullum, da hira.

Ruwan masu nazarin harshe a ciki

Tunda ji ta baki yake fitowa, to, binciken barci binciken harshe ne ta wata fuska, kuma a nan ɗalibin harshe ke da abin cewa. Duk wanda zai kawo irin wannan bincike ƙasar Hausa zai fara cin karo da gaisuwa. In aka ce "Ina kwana?" amsa ita ce "Lafiya lau," in aka ce "Ina gajiya?" a ce "Ba gajiya," ko da kuwa mutum ya kwana yana juyi. Tambayar da ta yi kama da gaisuwa amsar gaisuwa za ta samu. Ga kuma kunya da dauriya, waɗanda kan hana mace ta zayyana wa baƙon namiji yadda take kwana.

Daɗin daɗawa, Hausa ta rarrabe abin da fassarar gaggawa kan cakuɗa. Zogi daban, raɗaɗi daban, suka daban, tsami daban. Gajiya ba ita ce kasala ba, kasala kuma ba ita ce mutuwar jiki ba. Akwai gyangyaɗi, akwai barci sama-sama, akwai magagi, akwai dannau. Tsarin daren ma ba ɗaya ba ne da na waɗanda aka tsara takardun dominsu: ana tashi sallar asuba wasu su koma, ana ƙailula da rana, uwa na kwana da jariri, bazara na fitar da mutane tsakar gida, azumi na sauya lokutan kwanciya. Takardar da ta ɗauka cewa barci zango ɗaya ne daga ƙarfe kaza zuwa ƙarfe kaza za ta lissafa al'ada a matsayin cuta, ko ta ɓoye cuta a bayan al'ada. Saboda haka fassarar ma'auni aiki ne na likita da masanin harshe da majiyyaci tare.

Abin da ke tattare da sakaci

Wannan muhawara ba ta tsaya a teburin masana ba, domin abin da aka auna shi ake nema wa magani. Hukumar Amurka ta amince da piregabalin don wannan cuta a 2007, da duloksetin a 2008, da milnasifiran a 2009, sa'an nan a 2025 ta amince da wani nau'in saikulobenzafirin da ake sawa ƙarƙashin harshe lokacin kwanciya. Likitoci kuma sun daɗe suna ba da amitiriftilin kaɗan da dare. Ko wanne daga cikinsu wasu yake yi wa amfani, ba kowa ba. Shawarwarin da ƙungiyar likitocin gaɓɓai ta Turai ta wallafa a 2017 sun fifita motsa jiki a kan sauran hanyoyi, kuma tun 2005 gwajin Jack Edinger da abokan aikinsa ya nuna cewa horon gyara tunani da ɗabi'un barci na rage wa masu cutar zaman ido biyu cikin dare.

In bincike ya tsaya ga ƙirga sa'o'i, to, ƙwayar da ta kwantar da mutum sa'a tara ta tashe shi cikin magagi za a ce ta ci nasara, alhali mai shan ta bai ga canji ba. In kuma likita ya riƙe takardar awo ya ce wa majiyyaciya barcinta ƙalau yake, ya ƙara mata ciwo a kan ciwo, domin za ta koma gida da tabbacin da masu zarginta da lalaci suke nema.

Kammalawa

An ga yadda na'ura ta buɗe ƙofar fahimtar dangantakar barci da ciwo tun 1975, da inda ta tsaya. An ga amfanin takardar tambayoyi da abin da take tsallakewa, da irin hasken da kundin yau da kullum da hira ke ƙarawa. Abin da ya kamata masu bincike su yi a bayyane yake: su fara da sauraro kafin su tsara tambaya, su bi majiyyaci makonni a gidansa maimakon dare ɗaya a ɗakin awo, su yi awon na'ura don gano abin da ke ɓoye cikin barci, kuma in sakamakon hanyoyin ya saɓa su ɗauki saɓanin a matsayin abin bincike. Jiki magayi ne, in ji Hausawa, amma sai an tambayi mai jikin, cikin harshen da yake ji, sa'an nan za a san abin da jikin ya gaya masa.